BA MU DA TEKU, AMMA MUNA DA MAƘWABTA: ABIN DA TASWIRA KE GAYA WA MUTANEN MADARUMFA



Yau maganar taswira za mu yi. Na san wani zai ce, to mu da ke fama da tsadar shinkafa da taki da ƴan bindiga, ina ruwanmu da taswira, aikin ƴan lakwal? Ɗan'uwa, yi haƙuri ka karanta har ƙasa. Kuɗin buhun shinkafar da kake kuka da shi, da ruwan da ke shigowa tabkinmu wata shekara ya ƙi shigowa wata shekara, duka biyun suna da alaƙa da inda Allah Ya ajiye mu a doron ƙasa, da kuma inda Turawa suka ja layi. Ra'ayina a taƙaice shi ne: ƙasar da ba ta da teku, maƙwabcinta shi ne tekunta. Duk wanda ke mulki a Yamai, farar hula ne ko mai kaki, in ya manta da wannan, mu na bakin iyaka ne za mu fara ji a jika.

RABON ƘASA DABAN, RABON RUWA DABAN

Nijar tana da faɗin murabba'in kilomita 1,267,000. Ta fi Najeriya girma, domin Najeriya ba ta kai miliyan ɗaya ba. Ta ninka Benin sau 11, ta ninka Togo sau 22. Amma Togo, wannan ƴar siririyar ƙasa, tana da bakin teku na kusan kilomita 56, Benin na da wajen 120, Najeriya na da sama da 800. Mu kuwa ko taku ɗaya ba mu da shi. Wannan kilomita 56 na Togo shi ya ba ta tashar jiragen ruwa ta Lome, wadda a yau manyan ƴan kasuwarmu ke jiran kwantenoninsu a cikinta.

A duniya ƙasashe 44 ne ba su da mafita zuwa teku, 16 daga cikinsu a Afirka suke. Ƙasashe bakwai ke kewaye da mu. Huɗu suna da teku: Aljeriya, Libiya, Najeriya da Benin. Uku kuwa, Mali da Burkina Faso da Chadi, halinmu ɗaya da su. Tekun Aljeriya da na Libiya na can bayan Sahara, tafiyar dubban kilomita cikin rairayi. Saboda haka in ana maganar hanya ta kusa, ƙofofi biyu ne kawai: Benin da Najeriya. Duk wata ƙofa, ko Lome ce, ko Tema ta Ghana, ko Abijan, sai ka ratsa ƙasa biyu kafin ka ga ruwan gishiri.

Dubi kuma wani abin mamaki. Faransa da ke Turai ba ta kai rabin Nijar ba a faɗin ƙasa. Amma saboda tsibiran da ta riƙe a tekunan duniya tun zamanin mulkin mallaka, yankin ruwan da doka ta ba ta ikon cin arzikinsa ya haura murabba'in kilomita miliyan 10. Akwai wata ƙasa a tekun Pasifik mai suna Kiribati, busasshiyar ƙasarta duka wajen murabba'in kilomita 800 ce, ba ta kai gundumarmu ba, amma ruwanta ya wuce murabba'in kilomita miliyan uku, kusan Nijar biyu da rabi. Kuɗin lasisin kamun kifi da manyan jiragen wasu ƙasashe ke biya shi ne babban abin da ke riƙe da baitulmalinta. Kun ga ke nan girman ƙasa a takarda abu ɗaya ne, abin da girman ke kawowa gida kuma wani abu ne.

MI DOKAR TEKU TA CE?

Ranar 10 ga Disamba 1982, a garin Montego Bay na ƙasar Jamaika, aka buɗe sa hannu kan yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya game da dokar teku, ta kuma fara aiki a 1994. Ita ta tsara yadda ake auna ruwa kamar yadda ake auna gona.

Daga bakin gaɓa zuwa mil 12 na teku, wato wajen kilomita 22, kamar dai tafiyar Madarumfa zuwa Maradi, ruwan na ƙasar ne kamar yadda filin gidanka yake naka. Daga gaɓa zuwa mil 200, wato wajen kilomita 370, wanda ya fi nisan Maradi zuwa Damagaram da sama da kilomita 100, jiragen kowa na iya wucewa, amma kifi da man fetur da iskar gas da ke wurin na ƙasar da ke gaɓar ne. Bayan nan sai babban teku, wanda ba na kowa ba ne.

To mu marasa teku fa, an manta da mu? A'a. Sashe na 125 na yarjejeniyar ya ba ƙasashe irin tamu haƙƙin kaiwa ga teku da dawowa, da ƴancin ratsa ƙasar maƙwabci da kayanmu. Sashe na 127 ya ce kayan da ke ratsawa ba a ɗora musu kuɗin duwan, sai dai ladan aikin da aka yi musu. Sashe na 69 ya ba mu damar samun rabo cikin rarar kifin yankin ruwan maƙwabtanmu. Sashe na 90 ma ya ce ko ƙasar da ba ta da teku tana iya mallakar jiragen ruwa masu ɗauke da tutarta.

Daɗin ji, ko ba haka ba? Amma ga inda gizo ke saƙar. Shi wannan sashe na 125 ɗin ya ƙara da cewa yadda za a yi ratsawar, sai ƙasashen biyu sun zauna sun daidaita tsakaninsu, kuma ƙasar da ake ratsawa tana da ikon ɗaukar matakin kare muradunta. Ma'ana, doka ta ba ka haƙƙin bin zauren maƙwabcinka ka fita titi, amma mabuɗin zauren na aljihunsa. In kuna gaisawa, ka wuce salin-alin. In ba ku ga-maciji, sai ka tsaya riƙe da takardarka a bakin ƙofa.

RUWA MA ANA SHARI'A A KANSA

Kada wani ya ɗauka masu teku suna kwance ne suna shan iska. Layi a kan ruwa ya fi layi a kan ƙasa wuyar ja, domin ba kuka, ba dutse, ba tsamiyar da za a ce daga nan ne.

Najeriya da Kamaru sun yi shekaru suna ja-in-ja kan tsibirin Bakasi mai kifi da mai. Kotun Duniya da ke Hague ta ba Kamaru gaskiya ranar 10 ga Oktoba 2002, aka kammala miƙa yankin a watan Agusta 2008, masunta da yawa da suka tashi da sanin su ƴan Najeriya ne suka wayi gari cikin wata ƙasa. Ghana da Kodebuwa sun je kotun dokar teku da ke Hamburg kan rijiyoyin mai, aka yanke hukunci a 2017. Kenya da Somaliya kuwa Kotun Duniya suka je, hukuncinsu ya fito a Oktoba 2021, Kenya ta ce ba ta yarda ba.

Mu kanmu mun taɓa shiga irin wannan shari'a, sai dai a kan kogi. Tsibirin Lete da ke cikin kogin Isa, can wajen Gaya, ya haddasa rikici tsakaninmu da Benin tun farkon shekarun 1960, lokacin ana kiranta Dahome. Ranar 12 ga Yuli 2005 Kotun Duniya ta raba tsibirai 25, ta ba Nijar 16 har da Lete, ta ba Benin 9. Ƙasashen biyu suka karɓi hukuncin. Abin lura a nan shi ne, mun ci shari'ar tsibiri a kan ƙasar da kayanmu ke sauka a tasharta, kuma hanyar Kwatano ba ta rufe ba saboda haka. Ashe ana iya jayayya da maƙwabci a bar ƙofa a buɗe.

YADDA WASU SUKA YI DA RASHIN TEKUNSU

Bolibiya ta Kudancin Amurka tana da teku a da. Yaƙin da aka fara a 1879 ya sa Chile ta ƙwace gaɓarta. Tun daga nan Bolibiya ba ta haƙura ba: kowace ranar 23 ga Maris tana bikin tunawa da tekunta, har tana da rundunar sojan ruwa da ke atisaye a tabkin Titikaka. Ta kai ƙara Hague, ranar 1 ga Oktoba 2018 kotu ta ce ba dole ba ne Chile ta zauna tattaunawar ba ta gaɓa. Fiye da shekara 130 na ɓacin rai, kuma har gobe yawancin kayanta ta tashoshin Chile suke bi.

Habasha ta rasa gaɓarta a 1993 da Eritiriya ta ɓalle. Da yaƙi ya ɓarke tsakaninsu a 1998, sai ƙasa mai mutum sama da miliyan 100 a yau ta koma rataye da tashar Jibuti kusan ita kaɗai. Neman ƙofa ta biyu ne ya kai ta ga sa hannu da yankin Somaliland a Janairu 2024, abin da ya tayar da ƙura tsakaninta da Somaliya.

Zambiya kuwa darasinta ya fi kama da namu. Tagullarta ta kudu take fita, ta ƙasar Rodeshiya wadda Turawa ƴan tsiraru ke mulki. Shugaba Kenneth Kaunda ya ga ba zai yiwu ya riƙa adawa da mutanen da ke riƙe da maƙogwaronsa ba. Shi da Julius Nyerere na Tanzaniya suka nemi taimakon Sin, aka shimfiɗa layin dogo na kilomita 1,860 zuwa tashar Darussalam tsakanin 1970 da 1975. Rodeshiya ta rufe iyaka a 1973 ana tsakiyar aikin. Kaunda ya fara haƙa rijiya tun kafin ƙishirwa ta kama shi sosai.

Sai Suwizalan, wadda kullum ake kawo ta misali a ce ga ƙasa ba teku amma ga arziki. Gaskiya ne. Amma a tuna jiragen kaya na hawo kogin Rhine daga tekun Arewa har birnin Basel, bisa yarjejeniyar Mannheim ta 1868 da ta buɗe kogin ga masu zirga-zirga. Arzikinta ya tsaya ne kan zaman lafiya da maƙwabta da alƙawarin da ba a tashi rana ɗaya a warware shi.

Abin da misalan nan huɗu suka nuna mini shi ne, fushi bai taɓa ba kowa teku ba. Ƙofa fiye da ɗaya da kuma yarjejeniya mai ɗorewa su ne suka fitar da waɗanda suka fita. Gida biyu maganin gobara.

TO MU FA, A NAN KUDANCIN MARADI?

Layin da ya raba mu da Jibiya ba tudu ba ne, ba kogi ba ne. Ingila da Faransa ne suka yi ta ja suna gyarawa, a 1890, da 1898, da 1904, da 1906, kana tawagar Tilho da O'Shee ta bi ta kafa alamomi tsakanin 1906 da 1908. Iyakar Nijar da Najeriya ta kai wajen kilomita 1,500, kuma kusan duk inda ka tsaya a kanta, harshe ɗaya ake yi hagu da dama. Sarautar Maradi kanta ta Katsina ce, zuriyar sarakunan da suka baro Birnin Katsina bayan jihadi a farkon ƙarni na 19. Wa ke cikinmu da ba shi da kawu ko gwaggo ko suruki a Jibiya, Batsari ko Katsina?

Ta fuskar kasuwa ma kudu muka fara fuskanta. Da jirgin ƙasa ya iso Kano wajen 1912, gyaɗar ƙasar Maradi ta can take bi ta sauka Legas. Faransa ta ƙirƙiro tsarin karkatar da kaya zuwa Parakou da Kwatano a shekarun 1950, yaƙin Biyafara na 1967 zuwa 1970 kuma ya ƙara tura mu can. Alhazan Maradi da aka sani har ƙasashen waje sun yi arzikinsu ne a tsakanin ƙofofin nan biyu: kaya ya sauka Kwatano, ya hawo Gaya, ya iso Maradi, ya gangara Najeriya ta Ɗan Isa. Duk ta inda ka bi, tsakaninmu da teku ya haura kilomita 1,000.

Yanzu ku tuna abin da idonmu ya gani cikin ƴan shekarun nan. A watan Agusta 2019 gwamnatin Muhammadu Buhari ta rufe iyakokin Najeriya na tudu saboda fasa-ƙwaurin shinkafa. A Disamba 2020 aka buɗe wasu, irin su Illela da Maigatari, amma ƙofar Jibiya sai a Afrilu 2022. Ƴan dako, ƴan kabu-kabu, masu tuwo-tuwo a bakin duwan, direbobin tirela, kowa ya san yadda ya ƙare a lokacin.

Ba a gama farfaɗowa ba sai ga juyin mulkin 26 ga Yuli 2023. CEDEAO ta ƙaƙaba takunkumi, Benin da Najeriya suka rufe ƙofa lokaci ɗaya, Najeriya ta yanke wutar da ke ba mu mafi yawan lantarkinmu. Ɗaruruwan manyan motoci suka yi layi a Malanbil. Wannan shi ne ranar da kowa ya gane mi ake nufi da ƙasa marar teku: magani ya yi wuya, shinkafa ta hau, kwantenonin mutane suka kwana a tasha ana lissafa musu kuɗin ajiya. An ɗage takunkumin ranar 24 ga Fabrairu 2024, iyakarmu da Najeriya ta buɗe a watan Maris. Amma gadar Gaya ta ci gaba da zama a rufe ta ɓangarenmu, aka shiga 2025 a haka. Kaya suka koma bin Lome, su ratsa Burkina da rakiyar sojoji ta Kaya da Dori zuwa Tera, su iso Yamai, kana su kamo hanyar Maradi mai sama da kilomita 600. Kowane kwana da mota ta ƙara a hanya, mai sayen mudu a kasuwar Madarumfa ne ke biyansa.

Har man fetur ɗinmu bai tsira ba. Bututun da kamfanin CNPC ya shimfiɗa daga Agadem, mai tsawon kusan kilomita 2,000, bakinsa na tashar Seme ne a ƙasar Benin. A watan Mayu 2024 da aka zo lodin jirgi na farko, sai da aka yi ta kai ruwa rana tsakanin gwamnatocin biyu. Mai namu ne, rijiya tamu ce, amma famfon ƙarshe yana gaɓar wani.

RUWANMU MA DAGA ƘETARE YAKE ZUWA

Ga wani ɓangare da mutanen birni ba su cika tunawa da shi ba. Mu nan ba kaya kaɗai ke tsallako mana iyaka ba, har ruwa. Gulbin Maradi a ƙasar Katsina yake tasowa, inda ake kiransa Gada. Ya shigo mana ta wajen Nielwa, ya bi ta Madarumfa da Maradi da Tibiri da Gidan Rumji, ya sake komawa Najeriya ya faɗa gulbin Rima. Gulbin Gabi ma daga kudu yake zuwa. Tabkin Madarumfa, wanda masunta ke kamun tarwaɗa da gargaza a cikinsa, wanda baƙi ke zuwa ziyarar kushewun waliyyai 99 da ake faɗi a kewayensa, wanda aka sa cikin jerin dausayoyin duniya na yarjejeniyar Ramsar a 2019, da ruwan gulaben nan yake rayuwa.

Wajen 1990 Najeriya ta gina madatsar ruwa ta Jibiya a kan wannan gulbi. Tambayi duk wani dattijon manomin fadama, zai gaya maka yadda gulbi ke malala a da ya bar laka mai albarka, da yadda abin ya canza. Ba madatsar kaɗai ke da laifi ba, akwai ƙarancin ruwan sama na wasu shekaru, da sare itatuwa, da yashin da ke gangarowa yana cike tabki. Amma gaskiya ɗaya ce: wanda ke sama da kai a gulbi yana riƙe da makoshin gonarka, kamar yadda mai gaɓa ke riƙe da makoshin kasuwarka.

Kuma akwai takarda a kan wannan. Ranar 18 ga Yuli 1990 Nijar da Najeriya suka sa hannu a Maiduguri kan yarjejeniyar raba ruwan da suka yi tarayya a kansa cikin adalci. Koguna huɗu ta ambata: Magiya da Lamido, Gada da Gulbin Maradi, Tagwai da El Fadama, sai Komadugu Yobe. Akwai kuma hukumar haɗin gwiwar ƙasashen biyu da aka kafa tun 1971, hedikwatarta na Yamai. Tambayata ga masu wakiltarmu: mutum nawa a Madarumfa suka san da wannan yarjejeniya? Wane manomin rani ne aka taɓa sanar da shi ranar da za a saki ruwa daga Jibiya, don ya shirya, ko don ya kwashe injinsa daga bakin gulbi?

MASU CEWA ƳANCI YA FI CINIKI

Na san amsar da wasu za su ba ni a ƙasan wannan rubutu. Za su ce maƙwabtan nan su suka fara rufe mana ƙofa, suka hana mu magani da wuta, har aka yi barazanar kawo mana yaƙi. Za su ce hukuma ta bayyana dalilanta na tsaro kan iyakar Benin. Za su ce mutunci ya fi cikon ciki.

Maganarsu tana da nauyi, ban raina ta ba. Takunkumin 2023 talaka ya fi cutarwa, kuma ya nuna cewa haƙƙin ratsawa da ke rubuce a dokar teku ana iya take shi cikin dare ɗaya. Mu da ke zaune kusa da dajin Baban Rafi, muka ga yadda ake tsallako iyaka a sace mutum a kore shanu, ba mu ne za a koya wa muhimmancin tsaron iyaka ba.

Amma a duba da kyau. Ɗan bindiga ba ta ƙofar duwan yake shigowa ba, ta daji yake bi. In an rufe ƙofar hukuma, mai gaskiya ne ke tsayawa, shi kuwa ɗan fasa-ƙwauri kasuwarsa ce ta buɗe, kuɗin da zai shiga baitulmali ya koma aljihun masu tare hanya. Sannan ƙawancen AES da aka kafa ranar 16 ga Satumba 2023, Mali da Burkina da Nijar, duka ukun ba mai teku. Makafi uku in sun riƙe hannun juna sun ƙara ƙarfi, amma har yanzu suna bukatar ɗan jagora. Sarkin Maroko Muhammad na Shida ya yi tayin buɗe wa ƙasashen Sahel hanya zuwa tekun Atlantika a Nuwamba 2023, abin a yaba ne, sai dai ɗauki taswira ka auna daga Maradi zuwa Dakhla, ka auna daga Maradi zuwa Legas. Siyasa na canzawa, shugabanni na zuwa suna wucewa, kilomita kuwa ba ta raguwa don an yi fushi.

Ƴancin ƙasa marar teku shi ne ta kasance tana da ƙofofi da yawa, har ya zama ba wanda zai iya shaƙe ta shi kaɗai. Wanda ya rufe ƙofa biyu ya bar ɗaya, ya miƙa wuyansa ne ga mai wannan ɗayar.

ABIN DA NAKE GANIN YA KAMATA

Na farko, hanyar Maradi, Katsina, Kano ta zama babbar hanya a idon hukuma. A watan Fabrairu 2021 aka aza harsashin layin dogo na kusan kilomita 284 daga Kano zuwa Maradi, ta Daura da Katsina da Jibiya, kamfanin Mota-Engil ke aikin. Daga Jibiya zuwa Maradi kuwa dole ya ratsa ƙasarmu. Kano na da tashar kwantena ta tudu a Dala, Funtuwa ma na da tata, ga sabuwar tashar Lekki mai zurfi a Legas tun 2023. Tun yanzu ya kamata shugabannin gundumarmu da sarakunanmu su tambaya: ina jirgin zai tsaya? Gonakin wa zai ci, kuma nawa ne diyya? Yaranmu za su samu aiki, ko hayaƙi kawai za mu sha? In ba mu tambaya yau ba, gobe sai dai mu ɗaga masa hannu yana wucewa.

Na biyu, a raba rigimar shugabanni da hanyar abinci da magani. Ko ana hararar juna, a bar ƙofa ɗaya da aka amince kaya za su bi, a tsaurara bincike a kanta. Mun yi haka lokacin shari'ar Lete, ba mu mutu ba.

Na uku, a farfaɗo da yarjejeniyar Maiduguri a aikace. A samu kwamitin da ya haɗa masunta da manoman rani na Madarumfa da takwarorinsu na Jibiya, da ma'aikatan ruwa na ɓangarorin biyu, a riƙa sanar da lokacin sakin ruwa a gidajen rediyo. Wannan ba ya bukatar biliyoyi, lambar waya da mutunta juna kawai yake so.

Na huɗu kuma namu ne, ba na gwamnati ba. Duk abin da muka noma a nan, ba ruwansa da layin Malanbil ko rakiyar Dori. Zogalen Jiratawa, da wake, da aya, da riɗi, da jar akuyar Maradi da fatarta ta yi suna a duniya, su ne abin da muke riƙe da shi in an zo ciniki. Mu daina sare itatuwan bakin tabki, mu daina noma har cikin ruwa, mu bar ƙananan kifi su girma, mu fito gayya in an kira aikin tare yashi. Da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Na ƙarshe, malaman lakwal da na islamiyya, don Allah ku rataya taswira a aji. Yaron da ya san daga ina gulbinsa ya taso, ya san ta wace tasha maganin asibitinsu ya sauka, ba za a ruɗe shi da surutun Facebook ba idan ya girma, ko daga wane ɓangare surutun ya fito.

Allah bai ba mu teku ba, kuma ba kotun da za ta ba mu. Abin da Ya ba mu shi ne tabki, da fadama, da ƴan'uwa a tsallaken layi. Masu fita Jibiya da Katsina kullum, da direbobinmu na hanyar Lome, da masuntan bakin tabki, ku kuka fi kowa sanin inda ɗakin ke yoyo. Ku faɗa mana a ƙasa: kwana nawa kaya ke yi yanzu kafin su iso, kuma yaya ruwan tabki yake bana in an kwatanta da shekarun baya? A yi muhawara cikin ladabi, ban da zagi.

Allah Ya zaunar da ƙasashenmu lafiya, Ya ba mu damina mai albarka. Amin.